Yadda Za Ka Riƙe Abin da Ka Karanta: Jagora Kan Ƙwaƙwalwa, Hadda da Mantuwa

Ana saura kwana tara ta zauna jarrabawar JAMB, ƙanwata ta same ni a tsakar gida bayan Isha'i, idonta ya ciko. Littafin Bayoloji ne a hannunta, kowane shafi ya sha ja-layi da jan biro har takardar ta fara hujewa. Ta ce, "Yaya, wallahi sau huɗu na karanta babin nan. Da na rufe sai in ji kaina fayau kamar an share." Na karɓi littafin na kife shi a kan tabarma, na ce ta faɗa mini ɗakuna huɗu na zuciyar ɗan Adam da hanyar da jini ke bi a cikinsu. Ta kawo biyu, ta tsaya tana kallon sama. Na buɗe shafin na miƙa mata. Kafin ta kai ƙarshen layin farko ta ce, "Kai! Ai na san wannan!"

Ta san shi da ido. Gane abu idan ya gilma a gabanka aiki ɗaya ne, zaƙulo shi daga ka babu littafi wani aikin ne daban, kuma jarrabawa na biyun take nema. Abin da ya fi taɓa min zuciya a daren nan shi ne, bayan katangarmu akwai tsangaya, kuma a daidai wannan lokacin muna jin gardawa suna tilawa. A cikinsu akwai wanda ya riƙe izu sittin a ka, ba jan biro, ba fitilar karatu. Allah bai ba shi wata ƙwaƙwalwa daban da ta ƙanwata ba. Hanyar da yake bi ce ta dace da yadda ƙwaƙwalwa take aiki.

Kafin a ce ka tuna abu, sai ya wuce zango uku: ya shiga, ya zauna, ya fito a lokacin da ka neme shi. Duk abin da muke kira mantuwa, a ɗaya daga cikin ukun nan ya maƙale. Matakan da ke tafe suna bin wannan jerin ne.

Mataki na ɗaya: ka tabbata abin ya shiga

Mafi yawan abin da muke cewa mun manta, tun farko bai shiga ba. Ka dawo gida kana waya, ka ajiye makullin babur a kan firij, da safe ka birkice ɗaki kana cewa ƙwaƙwalwarka ta lalace. Hannunka ne ya ajiye makullin, hankalinka yana can wajen mai wayar. Haka rafkanwa a sallah: mutum yana tsaye yana lissafin kuɗin haya, ya rasa raka'a uku ya yi ko huɗu. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abin da hankali bai tsaya a kai ba.

Ƙofar shigar ma ƙarama ce. Akwai wani ɗan wurin riƙo na wucin gadi, kamar tafin hannu, inda sabon abu ke tsayawa na ɗan lokaci. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya ƙiyasta cewa wurin yana ɗaukar abu bakwai, ko da ƙarin biyu ko ragin biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba lamarin ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Kuma idan ba ka nanata ba, cikin ƙasa da rabin minti ya zube. Shi ya sa idan ana karanto maka lambar asusun banki wani ya yi sallama, sai ka ce a sake daga farko.

To, abin yi a nan mai sauƙin faɗa ne. Lokacin karatu, kai wayar wani ɗaki, kada ka tsaya ga kife ta a gefenka. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk leƙen WhatsApp ɗaya yana zubar da abin da ke tafin hannun nan, sai ka sake tattarowa. Ka yanke wa kanka minti ashirin da biyar ko talatin na karatu zalla, sannan ka miƙe ka sha ruwa. Ga ƙananan abubuwa na yau da kullum kuma, ka furta da baki: "Na kulle shago." "Na kashe gas." "Na sha maganin safe." Furucin yana tilasta wa hankali ya halarci wurin. Idan aka gabatar maka da baƙo, ka maimaita sunansa nan take cikin gaisuwa, ka sake ambatarsa wajen sallama.

Mataki na biyu: ka ɗaure shi dami-dami

Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, ta fi ƙarfin tafin hannun da muka ce. Amma ba wanda yake faɗin ta ɗaya bayan ɗaya. Huɗu, uku, huɗu muke yi, kuma huɗun farko, irin su 0803, mun saba da su har sun zama abu guda. Abu 11 ya koma uku.

A 1973 William Chase da Herbert Simon sun gwada wannan da 'yan wasan ces, darar Turawa. Suka nuna wa gwani da ɗan koyo allon wasa na daƙiƙa biyar, suka ce kowa ya sake jera 'ya'yan yadda ya gani. Idan jerin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yana yi wa ɗan koyo fintinkau. Idan kuwa an watsa 'ya'yan ne barkatai, tazarar da ke tsakaninsu kusan ɓacewa take yi. Gwani yana ganin dammai 'yan kaɗan da ya saba da su, ɗan koyo yana ganin tsinke-tsinke.

Malaman allo sun daɗe da wannan. Alƙur'ani izu sittin, kowane izu sumuni takwas, kuma ƙaramin yaro ko sumunin ba a ɗora masa, aya biyu ko uku ake rubuta masa gwargwadon ƙarfinsa. Kai ma kafin ka fara babi, ka duba kanun da ke cikinsa, ka raba shi gida uku ko huɗu, ka ba kowane gida suna da kalmominka.

Mataki na uku: ka haɗa sabo da tsoho

Abin da ba shi da dangi a ka, baƙo ne, ba ya kwana. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma tunawa tana zaune ne a mahaɗar da ke tsakaninsu. Duk lokacin da wasu ƙwayoyi suka yi aiki tare, mahaɗarsu tana ƙara ƙarfi. Saboda haka sabon ilimi yana kama ƙasa ne idan ya sami tsohon da zai jingina da shi, kuma yawan igiyoyin da ka ɗaure shi da su, yawan hanyoyin da za ka bi ka jawo shi.

A aikace, bayan kowane sakin layi ka tsaya ka yi wa kanka tambaya biyu: me ya sa haka, kuma da me ya yi kama a cikin abin da na sani? Da ƙanwata, zuciya muka mayar gida mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gaji ya tura shi huhu ya sha iska, na hagu yana karɓar wanda ya sha iska ya tura shi duk jiki. Na tambaye ta wane ɓangare zai fi kaurin bango. Ta yi shiru kaɗan ta ce na hagu, tunda tafiyarsa ta fi nisa. Wannan amsar ba ta sake kuɓuce mata ba, domin da kanta ta haƙo ta.

Idan kana karatu da Turanci ko Faransanci, ka gwada faɗin abin da Hausa kamar kana yi wa kakarka bayani. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Karatun aku yana da wurinsa, akwai abin da dole sai an haddace shi kalma da kalma, amma ko mahaddacin da ya san ma'anar aya ya fi saurin kamo ta idan ta suɓuce.

Ga jerin abubuwa da ba su da alaƙa da juna, kamar cefane ko batutuwan jawabi, akwai tsohuwar dabarar da masu huɗubar Girka da Rum suka yi amfani da ita. Ka bi gidanku a zuci, ka ajiye abu ɗaya a zaure, ɗaya a bakin rijiya, ɗaya a madafa, ɗaya a ƙofar ɗakin Inna. Lokacin tunawa sai ka sake bin gidan.

Mataki na huɗu: rufe littafin

Idan abu ɗaya za ka ɗauka daga rubutun nan, wannan ne.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke Sent Luwis a Amurka sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karantawa har zama huɗu. Wani rukunin zama ɗaya kawai ya karanta, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaitawa sun riƙe kashi 40 cikin 100, masu rubutawa daga ka sun riƙe kashi 61. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, da aka tambaye su tun farko, masu maimaita karatun ne suka fi amincewa cewa za su tuna.

Tarkon ke nan. Karatu na uku da na huɗu yana tafiya sumul, ido yana gane kowane layi, sai zuciya ta ɗauki wannan sauƙin a matsayin sani. Zaƙulowa daga ka kuwa da wuya, mutum yana jin kamar bai iya komai ba, sai ya guje ta. Alhali wahalar nan ita ce aikin. Tunawa kamar 'yar hanyar ƙafa ce zuwa gona da damina: wadda ake takawa kullum tana nan fes, wadda aka ƙaurace wa ciyawa ta cinye ta. Kallon hanya daga nesa ba ya hana ciyawa fita.

Dubi almajiri da allonsa. Ya rubuta, malam ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta nanatawa. Ba a ba shi izinin wanke allon sai ya zo gaban malam, ya juya rubutun baya ganinsa, ya kawo shi da ka. Sannan a wanke, tawadar ta bi ruwa. Daga ranar babu inda zai sami wannan karatun a allonsa sai a ƙirjinsa, kuma kowace tilawa zaƙulowa ce. A ƙarshen tafiya alaramma yana zama ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. Ni a ganina babu wata makarantar zamani a ƙasar nan da ta kai tsangaya ɗaukar wannan ƙa'ida da gaske, kuma abin takaici ne yaro ya bar allo ya shiga aji ya yar da ita a bakin ƙofa.

Ga yadda za ka yi. Karanta kashi ɗaya, shafi biyu ko uku. Rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ya zo maka, ko da a hargitse. Kada ka leƙa da zarar ka cije; ka ba kanka kamar minti ɗaya kana lalube, domin laluben kansa yana ƙarfafa hanyar. Sannan ka buɗe ka gwada, ka cike giɓin da biro mai wani launi. Abin da ka rubuta da launi na biyu shi ne karatunka na gobe. Dubawar nan wajibi ce: idan ka zaƙulo kuskure ba ka gyara ba, kuskuren ne zai zauna, kuma duk wanda ya taɓa haddace aya da kuskure ya san wahalar kankare ta.

Tsoffin tambayoyin WAEC, NECO da JAMB ma haka ake cin moriyarsu. Ka amsa tukuna, sannan ka duba bayan littafi. Wanda yake karanta tambaya da amsarta tare ya koma gidan jiya. In kana da abokin karatu, ku riƙa yi wa juna tambaya maimakon ku zauna kowa ya dulmuya a littafinsa. A kwana taran da suka rage wa ƙanwata, abin da muka yi ke nan kowane dare: ita da farar takarda, ni da littafi a kife. Daren farko rabin shafi ta cika, tana ta ƙorafin cewa ina ɓata mata lokaci. A dare na shida sai da ta nemi ƙarin takarda.

Mataki na biyar: ka bar tazara, ka dawo

A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi shekaru yana yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya auna yawan wahalar da zai sake sha kafin ya dawo da su bayan wani lokaci. Bayan awa ɗaya, fiye da rabin aikinsa ya tafi. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku. Bayan kwana 31, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba sosai. Abu mai ma'ana ya fi gaɓoɓinsa daɗewa, amma siffar zubewar ɗaya ce: da gudu a farko, sannan a hankali. Ya kuma lura cewa maimaici da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya.

Wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim yana umartar a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Shi ya sa gardi ba ya cika ranarsa da sabon karatu kaɗai; kaso mai tsoka na tsohon ne.

Tsarin da nake ba ɗalibai shi ne: abin da ka karanta yau, ka zaƙulo shi yau da dare, sannan gobe, sannan bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu, bayan wata. Alƙaluman ba wahayi ba ne, kana iya matsar da su. Ƙa'idar ita ce ka dawo a lokacin da abin ya fara dusashewa amma bai ɓace ba, kuma gwargwadon nisan ranar da kake buƙatarsa, gwargwadon faɗin tazarar. Idan ya zo maka ba wahala ko kaɗan, ka faɗaɗa. Idan ya ɓace ƙurmus, ka matso.

Don kada lissafin ranaku ya ruɗa ka, ga dabarar da wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa a 1972. Yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya. Nemi ambulan uku ko gwangwanin madara uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu duk bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka amsa daidai ya haye gaba, wanda ka faɗi ya dawo na farko ko daga ina yake. Cikin mako biyu za ka ga lokacinka yana tafiya kan abin da ke ba ka wuya kawai. Manhajar Anki a waya wannan aikin take yi, amma kwalin ya wadatar, kuma ba ya zuwa da saƙon kowa.

Awa shida a dare ɗaya da awa ɗaya-ɗaya a kwana shida duk awa shida ne, sai dai ribarsu ba ɗaya ba. Karatun daren jarrabawa yana iya fitar da kai kunya da safe, bayan mako biyu kuwa ko ƙurarsa ba za ka gani ba, ga shi zangon gaba a kansa za a ɗora. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na shida: ka yi barci

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa da ake kira hifokamfas. Duniya ta san muhimmancinsa ne ta hanyar wani bawan Allah, Henry Molaison. A 1953, yana da shekara 27, likita William Scoville ya yi masa tiyata a Hatfod ta jihar Konetikat a Amurka saboda farfaɗiya mai tsanani, ya cire mafi yawan wannan sashe a ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya daina ajiye sabon abu. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira lafiya lau, sai dai in ka fita ka dawo bayan 'yan mintuna kamar bai taɓa ganinka ba. Brenda Milner, wadda ta yi shekaru tana nazarinsa, ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannunsa yana ƙara gwanancewa, kullum kuma ba ya tuna ya taɓa yi. Haka ya rayu har rasuwarsa a 2008.

Abu biyu aka koya daga gare shi. Na ɗaya, ƙwarewar hannu, irin tuƙi, ɗinki ko saƙa, hanyarta daban, kuma da yi ake samunta. Na biyu, sabon abu yana fara sauka ne a hifokamfas kafin a hankali ya kafu a sauran ƙwaƙwalwa. Babban rabo na wannan kafuwar cikin barci ake yinsa. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun ga ƙwayoyin hifokamfas na ɓeraye da suka yi aiki tare lokacin yawo suna sake kunnuwa tare bayan ɓerayen sun yi barci. Tun 1924 ma John Jenkins da Karl Dallenbach a Jami'ar Konel suka nuna cewa wanda ya haddace abu ya kwanta ya fi riƙe shi a kan wanda ya yi sa'o'i iri ɗaya a farke.

Babba yana buƙatar awa bakwai ko fiye, matashi takwas zuwa goma. Ka sa bitar abu mafi wuya dab da kwanciya, ka sake zaƙulo shi bayan Asuba kafin hayaniya ta tashi. Ƙailula ma tana taimakawa. Goro, kofi da shayi mai kauri bayan La'asar suna cin barcin dare ko da kana jin ka saba. Ɗalibin da ya yi kwanan zaune ya yi asara biyu: na jiya bai kafu ba, na yau kuma ba zai shiga da kyau ba.

Mataki na bakwai: idan ya maƙale

Wani lokaci abin yana nan, hanyar ce ta toshe. Sunan yana bakinka, ka san harafin farkonsa, ya ƙi fitowa. Kana wanka sai ga shi. A irin wannan kada ka yi ta dukan ƙofa ɗaya. Ka zagaya: a ina na san shi, da wa muke, wane lokaci ne? A 1975 Duncan Godden da Alan Baddeley sun sa masu nutso a Sikotland haddace kalmomi, wasu a ƙarƙashin ruwa wasu a tudu, sai aka ga kowa ya fi tunawa a inda ya koya. Shi ya sa idan ka shiga ɗaki ka rasa me ya kawo ka, komawa inda ka taso yakan dawo da shi. Ga ɗalibi darasin shi ne ya riƙa sauya wurin bita, kuma wani lokaci ya gwada kansa a zaune kan benci, da agogo, ba waya, kamar ranar jarrabawa.

Sai kuma abubuwa masu kama da juna, waɗanda ke hawa kan juna. Ka sauya lambar sirrin katin banki, yatsanka ya ci gaba da danna tsohuwar. Mahaddata sun san wannan ciwo a ayoyi masu kama, inda mutum yana cikin wata sura sai ya tsinci kansa a wata. Maganinsu shi ne maganin kowa: a jera masu kaman gefe da gefe, a nemo daidai inda suka rabu, a riƙe wannan wurin.

Mataki na takwas: abin da ya shafi haƙƙi, rubuta shi

Ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar hoto ta ajiye. Duk lokacin da ka tuna abu, sake gina shi kake yi daga guntaye, kuma abin da ka ji daga baya yana iya shiga ginin ba ka sani ba. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin motocin sun rugurguje sun ce wajen mil 40 a awa. Waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna sun ce wajen 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko an ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da suka ji kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da suka ji mai sauƙi, 7. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin.

Ina kawo wannan ne saboda zumuncin da na ga ya lalace a kan "dubu hamsin na ba ka" da "a'a, arba'in ne", alhali kowannensu zai iya dafa Alƙur'ani da zuciya ɗaya. Ƙarfin yaƙininka ba hujja ba ne cewa haka abin ya faru. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Bashi, adashi, jinga, iyakar gona, wasiyya, adadin maganin da likita ya ce: a rubuta a ranar, kowa ya gani. Hadda a bar wa abin da ake so ya zauna a ƙirji.

Yaushe mantuwa ta zama ta asibiti

Manta inda ka ajiye makulli, ko sunan wanda kuka daɗe ba ku haɗu ba, abu ne na kowa, kuma yana ɗan ƙaruwa da shekaru. Abin dubawa shi ne idan Baba ya riƙe makullin ya rasa me ake yi da shi, ko ya ɓace a hanyar masallacin da ya yi shekara talatin yana bi, ko Inna ta yi tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, ko girkin da ta saba ya gagare ta, ko lissafin kuɗi da halin mutum suka sauya har na kusa suka lura. A gidajenmu mukan ce gigin tsufa ne, wasu ma su ce sammu, a rufe dattijo a ɗaki. Yana iya zama cutar Alzaima ko wata irinta, amma akwai sanadai da dama da ake magancewa: ƙarancin bitamin B12, matsalar ƙullutun wuya da likitoci ke kira tayirod, ciwon damuwa, rashin barci, da wasu magungunan sa barci. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali. Ga matasa kuma, tiramadol, kodin da wiwi suna cin riƙo.

Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya, musamman tare da karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar hannu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi asibiti a lokacin ba sai gari ya waye ba. Idan kuwa a hankali take zuwa, a sa rana a je, tare da wanda yake zaune da mara lafiyan kullum, domin shi zai iya faɗa wa likita yaushe abin ya fara da yadda yake ƙaruwa. A zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a tafi da su.